Kalmomin dandamali: a koye su a tsaye, ba a zaune ba

Kafin a raba wa kowa rawar da zai taka a wasan kwaikwayo, a fara da fili. A sami wuri mai faɗin taku 12 da zurfin taku 9, a shata shi da alli idan daɓen siminti ne, ko da toka idan ƙasa ce. A ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance, ya zama gida 9. Wannan shi ne dandamali, ko da babu katako ko labule.

Gidaje ukun da ke kusa da 'yan kallo su ne bakin dandamali. Na can ciki su ne ƙurya, sauran kuma tsakiya. Inda ɗalibai suka fi rikicewa shi ne dama da hagu. A dandamali, dama da hagu na ɗan wasa ne a lokacin da yake fuskantar 'yan kallo. Mai ba da umarni yana zaune ne yana kallonku, don haka damarsa ita ce hagunku. Idan ba a tsayar da wannan tun ranar farko ba, sai ka ga mutum biyu sun yi karo a tsakiya. Maganinsa minti 10 kafin kowane gwaji: mai ba da umarni ya riƙa kira, "ƙurya ta hagu!", "baki na dama!", kowa ya ruga gidan da aka ambata. Cikin mako guda ƙafa za ta riga kai ganewa.

Amma fa idan 'yan kallo sun kewaye ku ne, kamar yadda ake yi wa 'yan tashe da azumi, dama da hagu ba su da amfani. Sai a koma ga gabas da yamma, ko a ce "wajen bishiya", "wajen ƙofa".

A takardar wasa za ku ga kashi da fitowa. Kashi shi ne babban yanki, kowane kashi kuma yana ɗauke da fitowa da yawa. Ana sauya fitowa idan wuri ko lokaci ya sauya. Abin da aka rubuta cikin baka, kamar (ta tashi a fusace), umarni ne: aikata shi ake yi, ba a furta shi. Taurari su ne mutanen cikin labarin, 'yan wasa kuma ku ne da kuka ari rigarsu. Zancen zuci shi ne inda tauraro yake magana shi kaɗai don 'yan kallo su ji abin da ke ransa, sauran da ke dandamali su yi kamar ba su ji ba.

Kalmar da ta fi cancanta a daɗe a kanta ita ce alamar shiga, wato abin da ke gaya maka lokacinka ya yi. Tana iya zama ƙarshen maganar abokin wasanka, ko sallama, ko ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗalibi kan haddace nasa tsaf ya bar na abokinsa, sai a zo ranar wasa a yi tsit, kowa na jiran kowa. Ka ja layi ƙarƙashin kalmomi uku na ƙarshe da ke zuwa kafin kowace maganarka, ka haddace su tare da ita. Idan duk da haka an kakare, akwai mai tuni, wanda ke zaune a gefe inda ba a ganinsa, takarda a hannu, yatsa na bin layi. Ya ƙirga uku a zuci kafin ya sa baki, domin wani shirun da gangan ake yinsa. Kalma biyu ko uku na farko sun isa.

Kayan wasa su ne abin da ake ɗauka a hannu: buta, carbi, sanda, ƙwarya. Shiga ita ce abin da aka sa a jiki. Kayan wasan a jera su kan tabarma a bayan fage, a zagaye kowanne da alli, yadda da an kalla za a ga wanda ya ɓace. Mutum ɗaya ne zai kula da tabarmar. Wuƙa ta katako ko ta kwali ake amfani da ita, ba ta gaske ba, ko da dakusasshiya ce. Hoda kaɗan a gashi tana ba da furfura. Babbar riga da rawani kuwa sai an saba da su: wanda bai taɓa tafiya da su ba zai ƙare wasan yana ta gyaran hannun riga, rawani na zamewa.

Ɗaga murya daban, ihu daban. Mai ihu daga maƙogwaro yake tura sauti, shi ya sa murya ke dushewa kafin kashi na biyu. A ja numfashi har ciki ya kumbura, a saki magana a kansa. A tsayar da mutum a nisan taku 20, duk kalmar da bai ji ba ya ɗaga hannu. Galibi ƙarshen jimla ne ake haɗiyewa. Kada a juya wa 'yan kallo baya ana magana, kada kuma a tare wani. Idan ba ka ganin 'yan kallo, su ma ba sa ganinka, sai ka gusa taku ɗaya.

Gwaji hawa-hawa ne. Ana farawa da karatun zaune, sai gwajin motsi, inda kowa ke rubuta tsayuwarsa da fensir a gefen takarda, tunda za a yi ta sauyawa. Daga nan a ajiye takarda. Na ƙarshe shi ne cikakken gwaji, da shiga da kayan wasa duka, a daidai wurin da za a yi wasan, kuma ba a tsayawa ko an yi kuskure. Mai ba da umarni ya rubuta gyare-gyarensa, ya karanta su bayan an gama.