Yadda ake dashen gashi, daga yankan ƙeya har tabo ya warke

Masu sanƙo a Kano sun fara tambaya a kan dashen gashi, wasu har suna tara kuɗin jirgi zuwa Turkiyya. Aikin nan tiyata ce, wuƙa za ta taɓa fatar kanka, don haka ka bi shi daki-daki.

Fara da likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya gano abin da ke cinye gashin. Sanƙon gado daban, makero daban, zubewar gaban goshi da matsattsen kitso ke jawo wa mata ita ma daban. Idan kana da ciwon suga ko hawan jini, ka faɗa masa.

Daga nan ka duba tsofaffin tabbanka, kuma a nan nake so ka daɗe. Wurin da wanzami ya yi maka ƙaho, hujin kunne, ƙurajen aski a ƙeya: sun warke sun kwanta, ko sun kumbura sun yi tudu mai ƙaiƙayi? Baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabo mai tsiro. Duk wanda jikinsa ke yin haka, wallahi kada ya yarda a yanka shi sai an gwada a ɗan ƙaramin wuri an ga yadda ya warke.

Daga ƙeya ake ɗebo gashin, domin na wurin bai cika zubewa ba. Bayan allurar kashe zafi, ko dai a yanke siririyar fata a ɗinke, a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14, a bar tabo kamar layi; ko kuma a riƙa ciro saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututu mai faɗin kusan milimita 1. Mai son aski ƙwalƙwal ya fi dacewa da na biyun. Sai dai saiwar gashinmu a lanƙwashe take a cikin fata, hannun da bai saba ba zai yi ta datse ta. Ka tambayi likitan ko ya taɓa yi wa masu irin gashinmu, ya nuna maka hotuna.

Sai a yi ƙananan tsagogi a wurin sanƙon, a cusa saiwoyin. Yadda aka karkata tsagar, haka gashin zai tsiro har abada. Idan aka yi zurfi ko aka cunkusa su, jini ba zai ishi saiwar ba.

Makon farko ka ajiye hula mai matse kai, ka guji rana da ƙurar hunturu, kada ka sosa ɓawon. Ka tambayi likita yadda za ka yi da shafar kai a alwala da sujada. Gashin da aka dasa zai zube cikin 'yan makonni, kada hankalinka ya tashi. Sabo yana fara fitowa a wata na 3 ko na 4, cikarsa kuwa sai an kai shekara.