Wai likita zai kira ni a waya

Farkon zuwana Ingila abin da ya fara ba ni haushi kenan, na nemi ganin likita aka ce in jira zai kira ni a waya. Na ce to shi kuma ta ina zai gan ni? Mu da muka saba sai ciwo ya kwantar da mutum sannan a kwashe shi zuwa asibiti, ko a tsaya kemis a sayo magani. Ashe kiran nan ya fi amfani ma lokacin da kake garau.

Tun satin da ka sauka ka yi rajista da GP, wato likitan unguwarku, kar ka jira zazzaɓi. Kyauta ne, kuma ba dole sai ka nuna takardar zama ko shaidar adireshi ba. Sai ka sauke NHS App, manhajar hukumar lafiya ta ƙasar, a wayarka, nan sakamakon gwaje-gwajenka ke fitowa.

Kiran bai cika wuce minti 10 ba, don haka ka ajiye doguwar gaisuwarmu ta ina gajiya ya iyali, ka rubuta tambayoyinka a takarda tun kafin lokaci. Wani lokacin lambar a ɓoye take zuwa, ni sau biyu ina ƙin ɗauka na zaci 'yan damfara ne, sai da na sake bin layi. In Turancin bai zauna ba ka faɗa tun wajen neman ganin likitan a samo maka tafinta, ba ka biyan ko kwabo, don Allah a daina sa yara suna fassara wa iyaye ciwonsu. Mata kuma kuna iya cewa likita mace kuke so.

Me za ka tambaya alhali lafiyarka ƙalau? Bitamin D, don hasken ranar ƙasar nan ba irin namu ba ne, masu baƙar fata ana ba su shawarar maikurogiram 10 kullum duk shekara. In kana tsakanin 40 da 74 akwai NHS Health Check duk bayan shekara 5, shi sai ka je da ƙafarka a auna hawan jini a ɗebi jini, amma bayanin sakamakon ana iya yi ta waya. Mai ciwon suga ya kira tun kafin Sha'aban ya ƙare a tsara masa shan magani da azumi.

Wanda aka fi rainawa shi ne maleriya. Mutum ya shekara biyu uku a nan sai ya tashi tafiya gida hutu ya ce ai shi da sauro sun san juna, alhali kariyar da jikinka ya saba da ita raguwa take in ka daɗe a waje. Ka nemi shawarar likita kan maganin rigakafi tun saura sati 6 zuwa 8 tafiya, ƙwayoyin dai yawanci da kuɗinka za ka saya.

Ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa ba na jiran kira ba ne, ka buga 999, lambar agajin gaggawa, kai tsaye. In abin bai kai haka ba kuma dare ya yi, ka buga 111, layin neman shawarar lafiya.