Yadda ake raba manhaja kyauta domin a kama kasuwa

Matasan da ke fitowa daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi suna ƙara shiga harkar haɗa manhaja, kuma kusan duk wanda ya haɗa ta lissafin shago ko ta fitar da sakamakon jarrabawa, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya raba ta kyauta domin ya riga abokan gogayyarsa shiga wayoyin jama'a. Dabarar tana aiki, amma yawancin waɗanda na ga sun gwada ta sun tara masu amfani da yawa, aljihu kuwa wayam, saboda sun fara rabo kafin su san ta inda kuɗi zai shigo.

Matakin farko shi ne ka rubuta a takarda abin da za ka sayar da kuma wanda zai saya. Lokacin da Microsoft ya fito da burauzar Internet Explorer, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a 1995, ya kuma riƙa haɗa shi kyauta cikin Windows, yana da Windows ɗin da yake sayarwa, alhali kamfanin Netscape, wanda ke riƙe da kasuwar burauza a lokacin, yana cajin kamfanoni kuɗin burauzarsa. A watan Janairun 1998 dole ta sa Netscape ya mayar da tasa kyauta, daga baya kamfanin AOL ya saye shi. Haka Google yake ba masu ƙera waya Android ba tare da ko kwabo ba, shi ya sa Tecno da itel ɗin da suka cika kasuwar Wunti suke ɗauke da shi, kuɗin Google kuma yana fitowa daga talla da Play Store. Wanda ba shi da irin wannan haja ta biyu, kada ya fara.

Mataki na biyu shi ne shata iyaka tsakanin na kyauta da na kuɗi, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Adobe ya fara sayar da manhajar karanta PDF a 1993, a 1994 ya mayar da ita kyauta, ya ci gaba da karɓar kuɗi a hannun masu son manhajar ƙirƙirar takardun. Mai karatu ba ya biya, mai buƙatar a karanta takardarsa shi ke biya. Idan manhajarka ta lissafin shago ce, ka bar rubuta ciniki da littafin bashi da fitar da rasit kyauta har abada, domin su ne za su sa mai shago ya buɗe ta kullum. Ka sa kuɗi a kan abin da sai wanda kasuwancinsa ya bunƙasa yake nema, kamar Alhajin da ke da shago a Wunti da wani a Muda Lawal, yana son ya ga cinikin yaransa yana zaune a gida, ko wanda ke son a adana masa lissafinsa a intanet ko da waya ta ɓata.

Wannan iyaka tun ranar farko ake faɗa wa mutane, kuma abin da aka riga aka bayar kyauta ba a dawo a ɗora masa farashi. Na ga matashin da ya buɗe komai na manhajarsa, da kuɗi ya matse shi sai ya kulle littafin bashi ya ce sai an biya. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya miƙa masa wayar ya ce, "Ɗana, ai ce mana ka yi kyauta ce. Fito mini da sunayen masu bashina." Ya kwafe su cikin littafi mai bango, kafin sati ya zagayo duk layin sun goge manhajar, domin magana a kasuwa ba ta kwana. Mai tsire yakan ba da ɗanɗano, amma tun kafin a karɓa kowa ya san tsinke na kuɗi ne.

Na uku, ka lissafa abin da kowane sabon mai amfani zai ci maka. Kuɗin sabar, wato kwamfutar da ke adana bayanan manhaja a intanet, galibi da dala ake biya, saƙon tes kuma kowane ɗaya da farashinsa, saboda haka duk abin da zai sa ka biya wani kamfani kada ya shiga ɓangaren kyauta. Ni a ganina manhajar kyauta dole ta yi aiki ba tare da data ba, ta kuma zama marar nauyi yadda maƙwabci zai tura wa maƙwabci ta Xender, wanda hakan zai rage maka kuɗin talla.

Na huɗu, kada ka watsa ta ko'ina. Ka zaɓi layi ɗaya a kasuwa ɗaya, ka fara gaishe da shugaban ƙungiyar, ka zauna ka koya wa yaran shago da kanka har ta zama ita kowa ya sani, sannan ka matsa gaba.

Sai batun doka. Kada ka yi tunanin mayar da kuɗinka ta hanyar sayar da lambobin mutane, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana sarrafa su ba bisa ƙa'ida ba. Idan kuma Allah ya sa ka yi ƙarfi, kada ka tilasta wa abokan hulɗa su guji manhajar wasu. Gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu a 1998 kan irin wannan, Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 4.34 a 2018 kan sharuɗɗan Android, a Najeriya ma hukumar FCCPC mai kula da gogayyar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye tana da hurumin bin wanda ya danne abokan gogayya da ƙarfin kasuwarsa.