In za ka buga birij da wanda ba ku saba ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya a fadarmu nan Yamai muna buga birij, wasan karta na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, aka haɗa ni da wani baƙo daga Tawa, na buɗe kira da 1 sanzatu (wato ba launin da ke yanka sauran), ya ce 2 karo (karo, ker, pik da tirefil su ne launukan karta huɗu), ni na ɗauka Texas ne, kiran da ake faɗin launi ɗaya ana nufin na gaba da shi, wato yana da ker biyar, ashe bawan Allah karo ɗinsa kawai yake nufi, muka faɗi warwas har mai shayi na yi mana dariya.

Don haka kafin a raba karta ku ɗauki minti biyu ku daidaita. Sanzatu ɗinku maki 15 zuwa 17 ne, in an ƙirga manyan kartan da ke hannu? Pik da ker sai da biyar ake buɗewa, irin tsarin Faransa? 2 tirefil bayan sanzatu Stayman ne, wato tambayar ko kana da ker ko pik huɗu, wannan kusan kowa ya sani, amma Texas sai ka tambaya wallahi. Blackwood ma haka, wato kiran 4 sanzatu, tambaya ce as nawa ke hannunka (as shi ne babban karta a kowane launi), to amsar fa, 5 tirefil wasu sifili ko huɗu suke nufi, wasu sifili ko uku. Abin da ba ku yi maganarsa ba ku bar shi, ka kira launin da ke hannunka kawai. Kuma banda ƙifta ido, haramun ne a birij.