Yadda ake yin allurar ceftriaxone ba tare da an jawo wa majinyaci wata cutar ba

Da wuya ka shiga asibiti a ƙasar Hausa ba ka ga kwalbar ceftriaxone a kan tire ba. Wasu da sunan Rocephin suka san ta, sunan da kamfanin Roche ya sa mata, kuma tun 1982 ake amfani da ita. Da ita ake yaƙar sankarau, da limoniya mai tsanani, da taifot, da cutar da ta shiga jini. Ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ta taɓa mura. Wannan bayani na ma'aikatan lafiya ne da za su yi allurar bayan likita ya rubuta maganin, sai mai jinya da yake son sanin abin da ake ɗura wa ɗan'uwansa.

Mataki na farko tambaya ce, tun kafin a fasa ledar sirinji. "Baba, an taɓa yi maka allura jikinka ya yi bori, ko numfashi ya sarƙe?" Wanda ya taɓa yin mummunan bori da penisilin ko da wani ɗan gidan su ceftriaxone, a koma wurin likita. Tsofaffi ba sa riƙe sunan magani, amma suna tuna ranar da fuska ta kumbura, don haka a tambaye su da alamu. In jariri ne da bai wuce kwana 28 ba, a duba farin idonsa: mai shawara ba a yi masa, domin maganin yana iya tura sinadarin shawarar zuwa ƙwaƙwalwa. Haka bakwaini.

Sai a duba kwalba: lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da nauyin da ke ciki, tunda akwai ta miligiram 250, da 500, da giram 1.

Na uku shi ne awo. Babba akan yi masa giram 1 zuwa 2 sau ɗaya a rana, in sankarau ne har giram 4, a raba biyu. Yaro kuwa da nauyinsa ake lissafi, miligiram 50 zuwa 80 a kowane kilo, a sankarau har 100. A ɗora shi a sikeli. Ƙiyasi da ido shi ke sa a ba yaro mai kilo 9 rabon mai kilo 15.

Wurin haɗawa ne aka fi yin ɓarna, nan zan daɗe. Kwali yakan zo da ƙaramar kwalbar ruwa, kuma ba kullum iri ɗaya ba ce. Wata ruwan allura ne zalla, wata lidocaine ce, maganin kashe zafi. A ido duk fari ne tas. In a tsoka za a yi, giram 1 ana narka shi da lidocaine mai kashi 1 cikin ɗari, mililita 3.5. In a jijiya ne, ruwan allura mililita 10. Abin da aka haɗa da lidocaine ba ya shiga jijiya ko kusa, domin yana iya rikita bugun zuciya ko ya jawo jijjiga. Na taɓa riƙe hannun wata ɗaliba a wani asibiti da tsakar dare, ta riga ta jona sirinji a kanula, ashe kwalin na tsoka ne. Ba sakarci ne ya ja mata ba, rubutun ne ƙanana kamar ƙwayar gero, ga fitilar waya. Tun daga ranar nake sa a karanta ƙaramar kwalbar da ƙarfi kowa ya ji.

Ɗaya tarkon shi ne ƙarin ruwa. Ceftriaxone ba ta shiri da sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin ruwan Ringer da Hartmann. In suka haɗu sai su dunƙule su zama tsaki-tsaki, kuma an rasa jarirai ta wannan hanya, aka tarar da tsakin a huhu da ƙoda. Jaririn da ake ba kalsiyam ta jijiya ba a yi masa ita sam. Ga babba, a tsayar da Ringer, a wanke layin da ruwan gishiri, a ba da maganin, a sake wankewa. A girgiza kwalba har garin ya narke. Ruwan yakan fito ruwan ɗorawa-ɗorawa, wannan ba laifi. In da gurɓata ko tsaki, a zubar.

Na biyar, turawa. Ta jijiya a hankali, kamar minti 5, ana kallon agogo da fuskar majinyaci. Giram 2 gara a sa shi a ruwan gishiri ya ɗiga na aƙalla minti 30, jariri kuwa awa guda. Ta tsoka a zurfafa a babbar tsoka, kar a wuce giram 1 a wuri ɗaya, kuma a ɗan ja sirinji baya a tabbatar ba a faɗa jijiya ba.

Kada a juya baya da an zare allura. Adrenaline, allurar ceton wanda jikinsa ya yi mummunan bori, ta kasance a kusa tun kafin a fara, ba a kulle a ofishin da mai makulli ya tafi sallah ba. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe, numfashi mai shesshaƙa, jiri: a tsayar da maganin nan take, a yi wa babba adrenaline miligiram 0.5 a tsokar cinya, a kira likita. Bayan kwanaki kuma a lura da zawo mai yawa ko mai jini, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da fitsari ya yi duhu.

Saura cika kwanaki. Da zazzaɓi ya sauka sai ka ji mai jinya na cewa, "Sista, ai ya samu sauƙi, a bar sauran haka, kuɗi sun ƙare." Uzurinsa na gaskiya ne, amma likita ne zai ce a tsaya ko a koma ƙwaya. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yi wa kowane mai zazzaɓi "allura uku" a kemis don takardar gwajin taifot na Widal kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ceftriaxone cikin rukunin magungunan da ake sa wa ido saboda ƙwayoyin cuta na saurin gagarar su. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu taifot da ba ya jin ta. Mu kuma duk bazara, in zafi ya tsananta daga Sakkwato zuwa Damagaram, ita ce abin da muke ɗauka idan aka kawo yaro wuyansa ya sanƙare.