Yadda Ake Kula da Gyambon Ƙafa na Jijiyoyin Jini

Wannan gyambon yana da wurin zamansa: sama kaɗan da idon sawu, galibi ta ciki. Ba shi da zurfi, amma kullum cikin tsatsafo da ruwa yake, ƙafar a kumbure, fatar gefensa ta yi baƙi ta yi tauri. Asalinsa daga jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ne. ’Yan marufan da ke cikinsu sun saki, jini sai ya taru a ƙasa. Shi ya sa ya fi kama masu wuni a tsaye ko a zaune, da tsofaffi, da matan da suka yi haihuwa da yawa.

Matakin farko asibiti ne. A can za a auna ƙarfin jini a idon sawu a gwada da na hannu. Idan aka raba awon idon sawu da na hannu, lissafin ya faɗo tsakanin 0.8 da 1.3, ana iya ɗaure ƙafar da bandeji mai matsewa. Idan hanyar da ke kawo jini ce ta toshe, ɗauri na iya jawo a rasa ƙafar ɗungurungum. Mai ciwon suga ko sikila ya faɗa tun da wuri, domin nasu gyambon na iya zama daban.

Sai wanki. A wanke hannu da sabulu. A jiƙa tsohon bandeji har ya saki da kansa, kada a fizge, don sabon naman da ke tofowa ake ɓarewa. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ko a zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a lita ɗaya. Ba a dirzawa. A tsane gefen, a shafa masa basilin, amma ban da cikin ciwon.

Nan ne mutane ke ɓata aiki. Wani ya fasa kafso ja da yalo ya barbaɗa, wani ya zuba toka ko man juye, wani ya yi ta ɗura sifirit. Zafin da ake ji ba alamar magani na ci ba ne, naman ne ke ƙonewa. Gyambo na son ’yar laima da tsabta, don haka a rufe shi da bandejin da ba ya mannewa, a ɗora mai shan ruwa a kai.

Ɗaurin kuwa, a ganina shi ne maganin, sauran duk rakiya ce. Ma’aikacin jinya zai naɗe bandeji mai matsewa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu. Idan yatsu suka yi sanyi, suka sage ko suka canza launi, a kwance nan take a koma asibiti.

A riƙa kwanciya ana ɗora ƙafa bisa filo ta fi ƙirji tudu, minti 30, sau uku ko huɗu a rana. A kuma riƙa tattaki, domin tsokar ƙwauri ce ke tura jini sama.

Zazzaɓi, wari, mugunya, ko zafi da kumburin da ke bazuwa, ba a kwana da su a gida. Warkewa takan ɗauki watanni, kuma bayan ya rufe sai an lazimci safa mai matsewa kullum, in ba haka ba yana dawowa.