Darasi na 9: Yadda ake kafa murhun jin ɗumi a cikin gida ba tare da an jawo gobara ba

Murhun da za mu yi magana a kai yau ba na girki bane, na ɗumama ɗaki ne lokacin sanyi, wanda ake hura itace a ciki hayaƙin ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Akasari iri biyu ne. Akwai wanda magini ke ginawa jikin bango, akwai kuma na ƙarfe mai ƙofa da ake sayowa a ƙere sai dai a girka a jona masa bututu. Mutane sun fi sa ido a bakin murhu tunda nan ake ganin wuta, amma ɓarna mai muni ta kan ɓullo ne ta inda ido baya kaiwa, wato zafin da ke ratsa bango da silin a hankali, da kuma hayaƙin da ya rasa hanyar fita.

Mu fara da ƙasa. Ba a ɗora murhu kan daɓen katako ko kafet ko ledar ƙasa, dole a yi masa mazauni na abin da baya cin wuta, kankare ko dutse ko jan bulo, kuma mazaunin ya zarce bakin murhun ta gaba da kamar santimita 45, saboda duk ranar da aka buɗe ƙofa garwashi na iya gangarowa. In ginawa za ayi, cikin ramin wutar sai an sa bulo na musamman mai jure wuta da irin kwaɓinsa. Bulon siminti da muka saba gini dashi tsagewa yake in ya sha zafi, ta wannan tsagar kuma wuta ke bi.

Sai tazara, kuma anan nake so ku ɗan nutsu. A Amurka ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce murhun ƙarfe da bai zo da takardar gwaji ba ya nisanci duk abin da ke cin wuta da inci 36, kusan santimita 90 kenan, shi kuma bututu mai falle ɗaya inci 18, wajen santimita 45. Abin da ke cin wuta ba labule da kujera kaɗai bane, harda katakon da ke ɓoye bayan filasta ko cikin silin. Wani zai ce ai na taɓa bangon da hannu, ɗumi kawai yayi bai ƙone ba. Toh matsalar ita ce katakon da ke shan zafi kullum, wata da watanni, shekara da shekaru, yana ƙara bushewa yana canzawa ta ciki har ya kai matsayin da ɗan zafin da a da baya masa komai yanzu zai iya tada masa wuta, shi yasa zaka ji gida ya kama bayan an shekara da yawa ana amfani da murhu lafiya lau. In murhun ya zo da takardar kamfani, awon da ke cikinta shi za a bi. Kuma a ƙasashe da yawa sai an nemi izinin hukumar kula da gine-gine kafin a fara, a tambaya tun da wuri.

Yanzu bututu. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi shi yasa yake hawa sama, hawan nan nasa kuma shi ke jawo sabuwar iska cikin wuta. Dan haka bututu ya miƙe sama gwargwadon iko, kwana ta zama kaɗan, kuma faɗinsa kar ya gaza bakin da ke jikin murhun, wanda a yawancin ƙanana santimita 15 ne. Ya ɗara inda ya huda rufi da aƙalla santimita 90, ya kuma ɗara duk wani sashen ginin da ke cikin mita 3 kusa dashi da santimita 60, in ba haka ba iska ta bugo rufi sai ta maido hayaƙin ɗaki. Inda zai ratsa silin da rufi kuwa, a ganina nan ne bai kamata kowa ya gwada gwaninta ba, a kira wanda ya san aikin ya sa bututu mai falle biyu da abin tare zafi a tsakani. A saman kai a sa hula mai raga saboda ruwan sama da tsuntsaye da tartsatsi. Murhu ɗaya bututu ɗaya, ba a haɗa shi da wani abin.

Wuta na shan iska kamar yadda mutum ke sha. In an toshe ko'ina ruf dan gudun sanyi, itacen baya ci da kyau, sai ya dinga fidda wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Bata da launi bata da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. In mutanen ɗaki suka fara jin haka tare, kowa ya fita waje nan take a nufi asibiti. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iskar, a saka ta kusa da ɗakin kwana, a kuma bar wata kafa da iska ke shigowa ko yaushe.

Itace busasshe kawai. Ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, ana so ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wannan kuwa sai an faskara an jera inda iska ke kaɗawa wata 6 zuwa shekara, wani ma ya fi. Ɗanyen itace hayaƙinsa yawa gareshi, in ya huce cikin bututu sai ya manne ya zama baƙar kunkunniya mai danƙo, ita kanta wuta take ci, in ta kama zafin na iya wuce digiri 1000. A duba bututu a share aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da zarar kaurin ya kai milimita 3. Banda katako mai fenti, banda roba da leda, fetur da kananzir kam kar ma a kawo su kusa.

Kwanakin farko a hura ƴar ƙaramar wuta tukun, ginin ya bushe a hankali. Toka kuma a kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye waje nesa da gini, garwashi na iya kwanaki a cikinta da ransa.

Aikin gida: kowa ya samu tef ɗin awo, ya zaɓi kusurwar ɗakin da yake ganin murhu zai zauna, ya auna santimita 90 ta ko wane ɓangare ya rubuta sunan duk abin da ya faɗo ciki wanda wuta za ta iya ci. Sannan ya amsa wannan: in tsakanin murhu da kujera santimita 55 ne, santimita nawa za a ƙara matsar da kujerar?